Fenti Ba Ya Gyara Sauti

Mamman Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da kiɗan fiyano ke mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, kalangu kuma ya koma gefe. Amma wani matashi a Kazaure, ɗan gidan makaɗa, ya ce sam. Da 'yan kuɗin da ya tara a bukukuwan Roni, Gwiwa da Babura, ya mai da shagon ƙofar gidansu situdiyon ɗaukar kiɗan kalangu.

Wajen fenti aka sha gardama. Abokai suka dage a kan baƙi, wai yana shanye ƙara. Ina! Launi ba ruwansa da sauti. Soso, labule mai kauri da darduma su ke kashe amsa-kuwwa. Soson ma in ya sha fenti, hudojinsa toshewa suke yi, amfaninsa ya ragu.

Gogan naka sai ya zaɓi fentin ruwa mai arha, ruwan toka mai haske. In an ɗauke wuta, fitila ɗaya ta wadatar; in an kunna kyamara, bango ba ya ƙyalli. Ragowar kuɗin duk soso ya saya.

Mai saurare dai ba bango zai gani ba, kalangu zai ji.