Paraguana, Garin Shuɗin Gizo-gizo

Daga birnin Koro, a arewa maso yammacin Benezuwela, hanya ɗaya ce mota ke bi ta shiga yankin Paraguana. Siririyar ƙasa ce, teku a dama, teku a hagu, ga tuddan yashi da iska ke turowa har kan kwalta. Tun 1974 gwamnatin ƙasar ta killace wannan yashin, ana kiran wurin Medanos de Coro. Duk ɗalibin da ya ɗauka Kudancin Amurka dajin Amazon ne kawai da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, a nan zai riƙe baki. Abin da muka tarar shi ne rana, iska, awaki, gonakin alobera da kaktus, wani tsiro mai ƙaya da ya yi kama da kyarana.

Wani gizo-gizo ne ya kawo mu. Yana cikin dangin manyan nan masu gashi da ake kira tarantula, kuma idan ya baje ƙafafunsa ya kusa cika tafin hannun babban mutum. Ƙafafun shuɗi ne mai sheƙi, bayansa kore-kore, cikinsa ruwan lemo. A gindin kaktus da ƙananan itatuwa yake zama, ya lulluɓe ƙofar gidansa da farar yana mai kauri. A Turai da Amurka mutane na saye su ajiye shi a akwatin gilashi, kamar yadda wasunmu ke kiwon tantabara. Macen takan wuce shekara 10 a raye, don haka wanda ya saya ya ɗauki nauyi mai tsawo.

Masu wannan kiwo sukan so akwatin ya yi kyau, sai su dasa tsiro mai rai a ciki. Wanda ya taka ƙasar Paraguana da ƙafarsa zai gane inda matsalar take. Yawancin tsirran ado na cikin ɗaki suna son ƙasa mai laima da haske. Shi kuwa wannan gizon busasshiyar ƙasa ya sani da iska mai wucewa, kuma da rana ɓuya yake yi. Ta wasu 'yan ƙofofi a ƙarƙashin cikinsa yake numfashi, idan aka yi ta ban ruwa a rufaffen akwati, iskar ta tsaya, ƙasa ta yi funfuna, yana iya mutuwa alhali ganyen na ta sheƙi. A ce kuma a kai akwatin bakin taga don tsiro ya sami rana? Ku tuna yadda cikin mota yake idan an rufe gilashi da tsakar rana.

Wani zai ce to a dasa masa kaktus mana, tunda shi ya saba. Wannan ma bai yi mana ba. A daji yana da fili, a akwati kuwa idan ya hau gilashi ya zame, kan ƙaya zai faɗa, kuma cikin tarantula taushi gare shi, fashewarsa ajali ne. Ga lokacin saɓa, sa'ad da yake kwantawa rigingine ya fita daga tsohuwar fata, jikinsa ya yi kwanaki bai yi ƙwari ba.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne ɗaya daga tsirran da suka fi jure irin wannan zama ɗan gida ne. Sansevieria, dangin moda, mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi, asalinsa Afirka ta Yamma ne, har da Nijeriya. Ba ya neman ruwa da yawa, ba ya damuwa da ƙarancin haske, ba shi da ƙaya. Duk da haka ba a ɗauko shi daga wurin mai sayar da furanni a zura kai tsaye. Sau da yawa an fesa masa maganin ƙwari ko an zuba taki, kuma abin da ke kashe ƙwaro ba zai bar gizo-gizo ba. Masu lura sukan wanke saiwar tas, su sauya ƙasar, su ajiye tsiron gefe wasu makonni. Wasu sukan binne shi da tukunyarsa a kusurwa ɗaya, don ruwan ya tsaya a nan, sauran ƙasar ta zauna a bushe.

Shi dai gizon ba ruwansa da ado. Ganye ba abincinsa ba ne, gyare da kyankyaso yake ci, tsiron kuwa wurin ɗaura yana ne a wajensa. Bayan 'yan watanni mai akwatin yakan tarar da ganyen da ya sha wahalar wankewa ya ɓace cikin farar saƙa, daidai yadda muka ga gindin itatuwa a hanyar dutsen Santa Ana, inda sai mun durƙusa muka iya hango shuɗin ƙafa ɗaya daga can ciki.