Gwangwanin Robb a Unguwar Gurda

Ran da na fara sauka Sabha, bayan doguwar tafiya daga Agadas ta Dirku da Gatrun, leɓɓana sun tsattsage, ƙafafuna duk faso, ga mura. Iskar Fezzan ta fi hunturun Katsina bushewa. Wata Hajiya 'yar Maraɗi mai sai da kayan shafa a unguwar Gurda ta dube ni ta ce, "Ɗana, garin nan sai da mai." Ta miƙo mini basilin da ɗan gwangwanin Robb. Ina buɗewa na ji ƙamshin ɗakin mahaifiyata.

Teburinta bai fi taku biyu ba, amma akwai sabulun Joy da Premier da man Venus, duk na kamfanin PZ. Daga baya ni na koma mai kawo mata su, shi ya sa na bi diddigin kamfanin.

Turawa biyu ne, George Paterson da George Zochonis, suka kafa shi a Saliyo a ƙarshen ƙarni na 19. Asali ba kayan kwalliya suke yi ba: manja da fatu suke saye su kai Ingila, su dawo da yadi. Sun buɗe reshe a Legas a 1899, suka shiga yin sabulu a Aba a 1948, sannan a 1975 suka saye kamfanin Cussons na Manchester.

Abin da ke ba ni mamaki, irin waɗannan kamfanoni na bakin teku, tare da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, su suka kashe fataucin raƙuma tsakanin Kano da Tarabulus ta nan Fezzan. Yau kuma kayansu ne muke ɗauko wa a bayan Hilux ta cikin saharar nan.

Da naira ta faɗi, a 2024 kamfanin ya ce yana nazarin sayar da harkarsa ta Afirka. Na gaya wa Hajiya ina ta fargaba, don rabin jarina a kayansu yake. Ta yi dariya ta ce, "Su sayar wa wanda suka ga dama. Muddin akwai ɗan gida mai mura a Sabha, kai dai kawo Robb."

'Yan uwa masu shirin hawa mota, a sa gwangwani ɗaya a aljihu. Allah Ya kai mu lafiya.