Kafin a Aza Tubalin Farko

Gagarawa Tasha,
Jihar Jigawa.

Uwata,

Ya karatu, ya sanyin makaranta? Mu nan lafiya lau muke. An gama kaɗe riɗi, zoɓo ne ya rage a gona. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki kuwa kullum sai sun tambayi ranar hutunku.

Saƙonki ya iso ta bakin yayanki. Kin ji an kafa fegi a gonakin gabas da gari za a yanka filaye, kina tambaya ko mu ma tashi za mu yi, kuma ko za a sare gawon nan da kuke shan inuwa in an je girbi. Kwantar da hankalinki, ba inda za mu. Maganar gawo kuwa ta fi ƙarfin saƙon baki, shi ya sa na zauna na rubuto miki da hannuna. Kin kai shekarun da za a yi irin wannan magana da ke.

Da farko ki sani ni ba na cikin masu cewa kada a yanka filaye. Dubi gidanmu. Kakanki ya gina shi da tsakar gida mai faɗi, da rumbuna, da turken awaki, da wurin sussuka. Duk wanda ya isa aure sai a tsakuro masa gefe a ja katanga, har yau ga shi inda awaki suke kwana a da ya zama ɗakin amarya, hayaƙin murhu uku yana haɗuwa a wuri guda. Haka abin yake a kusan kowane gida. Saurayin da ya rasa inda zai ajiye iyali sai ya nufi Gumel ko Haɗeja ko Kano, kuma wanda ya kama haya a birni da wuya ya dawo. Ina son yayanki ya gina ɗakinsa a garin nan, ina son in ji kukan jikokina ta kan katanga. Damuwata ita ce yadda za a yi yankan.

Garin nan jirgin ƙasa ne ya haife shi. A 1930 aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, ya biyo ta Ringim, ya ratsa nan, ya wuce Malam Madori da Birniwa. Gyaɗa ce ta kawo shi. Da aka kafa tasha sai masu awo da 'yan dako da masu abinci suka zauna kusa da ita, mutanen ƙauyuka suka biyo su. Layin dogon an auna shi da na'ura, amma gidajen da ƙafa aka auna su: baƙo ya je wurin dagaci, a haɗa shi da mai unguwa, a taka masa fili, a ce daga wannan magarya zuwa waccan aduwa. Tsarin ya yi aiki, don a lokacin daji yana nan, in an matse sai a matsa gaba.

Yanzu babu gaban da za a matsa. Mutane sun yawaita, gonakinmu sun haɗe da na Gagarawa Gari, na wancan ƙauye sun haɗe da na wancan. Ga kuma fili kimanin hekta 12,000 da gwamnati ta ware wa kamfanin Lee don noman rake da masana'antar sukari a ƙananan hukumomin Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura, wanda tun wajen 2016 manoma da yawa suka yi ta koke a kan gonakinsu da diyyarsu. Kowa yana son aikin yi ya zo ƙasarsa. Amma duk inda masana'anta ta sauka, ma'aikata za su biyo ta, za su nemi wurin kwana, fili kuma zai yi tsada. Wanda yake da kuɗi zai sayi fuloti goma ya kewaye ya tafi, ɗan gari ya tsaya yana kallo. Shi ya sa na ce a taron da aka yi a ƙofar dagaci, kafin a sayar wa kowa, a fara rubuta sunayen magidantan da ke cunkushe a gidajen iyayensu, da zawarawa masu marayu, a ba su nasu a kan kuɗin da za su iya biya bayan kaka.

Doka ba ta hana mu wannan ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba birni ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 kuma ta tanadi hukumar tsare-tsare har a matakin ƙaramar hukuma. Ma'ana, yanka fili a ƙauye ba sai an jira Abuja ba. Jami'in filaye na ƙaramar hukuma, da hakimi, da dagaci, da kansila, da mutanen gari sun isa su zauna su fitar da tsari mai kyau. Abin da ke ɓata aikin shi ne gaggawa: mai gona yana son fuloti ya yi yawa, dillali yana son la'adarsa, mai saye yana son ya ga bulo a ƙasa kafin damina.

To, Uwata, ga abin da nake so ki riƙe. Kafin a raba abin da zai zama na wane da wane, a fara fitar da abin da yake na kowa. Mafi girmansa hanyar ruwa. Ƙasarmu rairayi ce, mutum zai ɗauka tana shanye komai, amma tsakanin tudu da tudu akwai kwari, kuma in aka yi ruwan Agusta kwarin nan yake bi ya sauka a kududdufi. Kududdufan garin nan daga su aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajenmu, suka koma matattarar ruwa. Yau ana cike su da shara ana sayarwa a matsayin fili. Ruwan da aka ƙwace wa mazauninsa zai nemi wani, kuma gindin katangar maƙwabci zai samu. A ambaliyar 2022, wadda ta taɓa mafi yawan ƙananan hukumomin Jigawa, an yi asarar rayuka, gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa suka zube. Na ji masu cewa laifin ginin ƙasa ne, kowa ya koma bulo da kwano. Ban yarda da su ba gaba ɗaya. Soron da aka yi wa tushe mai tsayi, aka yi masa yaɓe duk shekara, aka gyara indararonsa, yana kaiwa jikoki, ya kuma fi ɗakin kwano sanyi a bazara. Abin da ke kayar da shi ruwa ne da ya kwana a gindinsa. Ko ginin siminti aka dasa a kwari, mai shi zai kwashe yara cikin dare.

Sai hanya. Kin tuna daren da naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu, mota ta tsaya a bakin titi don lungun ba ya shiguwa, aka ɗauko ta a baro? Kina ƙarama, amma kin farka. Wannan lungun da can amalanken shanu yana bi. Kowa ya gina sai ya ci taku ɗaya, wani ya fito da dakali, wani ya haƙa masai a waje. Babu wanda ya yi niyyar cutar kowa, amma ga abin da aka haifar. Gida in ya lalace ana rushewa a sake, hanyar da aka cinye kuwa sai an rushe gidaje ashirin kafin ta dawo, kuma ba mai yarda a fara da nasa. Addininmu bai bar wannan ba: ya tabbata a hadisi cewa in an yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu 7. A zamanin raƙumi da kayansa ke nan. Mu da muke son tarakta da motar asibiti su shiga, sai mu ƙara a kan haka.

Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi littafi sukutum a kan hukuncin filaye, inda ya yi bayanin harimi, wato filin da ake bar wa gari don itace da kiwo, da wanda ake bar wa rijiya. Masarautarmu ta Gumel da Barno ta yi hulɗa a wancan zamani, amma fiƙihun ɗaya ne, malamanmu sun san shi. Da wannan na kafa hujja da na ce a bar burtali yadda yake. Shanun da ake korawa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da na Fulanin da ke sauka kudu da rani su dawo da damina, dole su bi wani wuri. In an toshe musu, gona za su faɗa, daga nan kuma sai rigimar da kowa ya san ƙarshenta. Maƙabarta ma ta kusa cika, firamare tana buƙatar filin ƙara azuzuwa.

Abu ɗaya ya dame ni a taron: babu mace ko ɗaya. Alhali Innarki ta fi ni sanin inda ruwa yake kwanciya, don ita ke kwashe shi daga tsakar gida. Ku kuka san nisan famfo da tulu a ka, ku kuka san lungun da yarinya take tsoron bi bayan magariba. Na roƙa a yi zama na biyu a makarantar Islamiyya don mata su faɗi nasu, an kuma amince. Ki kuma sani, a gonar nan ta gabas kina da rabonki kamar yadda shari'a ta yanka miki, kuma na sa an rubuta da shaidu tun ina raye, don kada wata rana a ce miki ai mace gidan miji take.

Gawonku kuwa, a zanen farko ya faɗa tsakiyar wani fuloti. Na nuna wa mai awo cewa in aka karkata layin kaɗan, zai koma bakin mahaɗar hanyoyi, ya zama inuwar unguwa. Na tuna musu wahalar da aka sha wajen dasa layukan darbejiya a ƙasar Gumel da Maigatari don tare iska da rairayi, ga shi mu mun samu babban itace a tsaye kyauta. Mai gonar ya yarda, mai awo ya gyara zanen, yanzu sa hannun ƙaramar hukuma ake jira, kuma ina bibiya.

In kin zo hutu, ki taho da rula da babbar takarda. Za mu zaga da ke da Innarki, ta nuna mana inda ruwa yake bi, ke ki zana, mu kai wa masu tsara yankan filayen kafin a fara haƙa tushe. Na ba yayanki ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake da sabulu ya kawo miki, ki ɗiba wa ƙawayenki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki dage da lissafi. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.