Wa Ya Yanka Akuyar?

A birnin Yawunde ba a san hunturu irin na Kano ko na Garwa ba. In watan Disamba ya kama, ruwa ne kawai yakan ɗauke, jar ƙura ta hau rufin kwano. A unguwar Ekoudou, wadda kowa ya fi sani da Briqueterie saboda wurin yin tubali da aka yi a nan zamanin Turawa, abin da ke nuna Kirsimati ta matso shi ne ƙarar keken ɗinki. Teloli ba sa barci. Yawancinsu Musulmi ne, wasunsu jikokin fataken Hausa da suka iso tun zamanin Jamusawa, amma kayan da Kiristocin gari za su sa su tafi sujada, da dama daga hannunsu suke fitowa.

Kowane gida da irin nasa biki. 'Yan Katolika na kabilar Ewondo sukan tafi addu'ar dare a babbar majami'ar Notre-Dame des Victoires, ko su hau tudun Mvolyé inda mishan ɗinsu ya zauna tun 1901, washegari a ci bobolo, wato tuwon rogo da ake naɗewa cikin ganye, a sha bammi. Bamileke da yawa sukan cika motoci su nufi ƙauyukansu a yamma. Masu tsire kuwa, wanda a nan ake kira soya, ciniki ya buɗe musu har Sabuwar Shekara.

A wani lungu bayan babban masallacin unguwar akwai wata gwauruwa, Bagbaya, 'yar Ekklesiyar Lutheran. Jirgin ƙasa ne ya kawo ta daga Ngaundere tare da mijinta, ba da daɗewa ba bayan an gama layin dogo a 1974. Gidan haya ya zaunar da su cikin Hausawa, har Hausa ta kama bakinta. Kowace Kirsimati takan sayi akuya, ta aika a kira wani mahauci maƙwabcinta ya yanka. Tana da tukunya guda wadda naman alade bai taɓa shiga ba. In an sauke, yara su yi ta kai kwanuka gida gida. Ko a 1994, da aka karya darajar sefa, akuya ta gagara, kaji biyu ta saya, shi ɗin dai ta kira.

A shekara ta 2000 Kirsimati ta faɗo ranar Litinin, cikin goman ƙarshe na azumi. A wannan shekara ce ɗanta ya zo daga Duwala da amaryarsa, 'yar Ewondo, mai kirki da zafin nama. Ta zo da tsarabar naman alade, gama a gidan ubanta ba a biki sai da shi. Da ta ji an ce a jira mahauci, sai ta ce, "Mama, bikin haihuwar Ubangijinmu ne fa. Don me sai wani ya zo ya yanka mana? Mijina ba shi da hannu ne?"

Tsohuwa ta ce, "'Yata, yana da hannu. Amma in ya yanka, mu kaɗai za mu ci."

Maganar ba ta tsaya a gida ba. Wani dattijon ekklesiya da ya zo gaisuwa ya goyi bayan amarya. Ya ce mai bi da ke miƙa wuƙarsa ga wanda bai karɓi Almasihu ba, kamar yana jin kunyar bangaskiyarsa ne. Ba maganar banza ya yi ba. Akwai Kiristocin da zaman cikin Musulmi ya sa suka yi ta ɓoye kansu, har 'ya'yansu suka tashi ba su san ko su wane ne ba. Sai dai ita wannan ba ta cikinsu. Duk lungun an san inda take zuwa ran Lahadi, an kuma san waƙoƙin da take yi in tana wanki. Manzo Bulus ma, da mutanen Koranti suka tambaye shi zancen nama, bai tsaya kan naman ba, ya mai da su ga lamirin wanda ake ci tare da shi.

Abin da amarya ba ta sani ba shi ne, ranar da mijin tsohuwar ya rasu, 'yan'uwansa suna can arewa, kwana guda a jirgi. Matan lungun ne suka kwana da ita, suka yi kwana bakwai suna kawo abinci. Kowace Babbar Salla kuwa, cinyar rago takan shigo gidan ba tare da an tambaye ta addininta ba.

Tsohuwa ba ta yi gardama da dattijo ba. Ta ba amarya wata tukunya da murhu a bayan ɗaki, ta ce ta dafa nata yadda aka saba a gidansu, kada dai ludayi ya haɗu. Mahauci ya zo da sassafe, bakinsa da azumi, ya yanka, ya feɗe, ya ƙi karɓar ko sisi sai fata. Aka tafi sujada aka dawo, aka ci na gida. Kwanukan maƙwabta kuwa ta hana a fita da su. Yara suka dame ta, ta ce su bari, ba a kai wa mai azumi ƙanshi da rana tsaka. Sai da ladan ya kira magariba ta sake su, shinkafa da miyar akuya, kwano goma sha ɗaya.

Kafin mako ya ƙare aka ga wata. Ranar Salla da hantsi kwanukan suka fara dawowa, wannan da waina, wancan da funkaso, wani da tuwon shinkafa da miyar taushe. Wata Hajiya ta kawo nata da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maman yara, ina amaryar tamu? An ce ba ta taɓa cin waina ba."

Amarya ta fito ta durƙusa ta karɓa. Dattijon ekklesiya bai sake ra'ayinsa ba, ya kuma faɗa wa tsohuwar haka ran Lahadi a bakin majami'a. Ta gaishe shi da ladabi, ta miƙa masa ƙullin funkaso ya kai wa jikokinsa.