Hanyar Falgore da Abin da Tsingaro Ya Riƙe

Uwargida, in tafiya ta kama ki daga Kano zuwa Jos, da kun karya Kwanar Dangora kun wuce Tudun Wada, ki ɗan ajiye wayar nan ki leƙa taga. Dajin Falgore ke nan, wanda Kogin Kano ke ratsawa kafin ya zuba a dam ɗin Tiga. Ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga tsamiya har zuwa Doguwa. Tun ba a san garma ba, irin waɗannan itatuwa da naman dawa ne ke ciyar da mutane.

Shaidar hakan tana kudu da nan, gaban hanyar. A 1944 Bernard Fagg ya tona kogon Rop a tsaunukan Jos, ya samu ƙananan makaman dutse na maharban dā. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin da masana daga Jami'ar Goethe ta Jamus suka fara a 2005 a yankin Nok, Jihar Kaduna. Aikin nasu rege ne, irin wanda kike wa shinkafa. Su ɗebo ƙasar tsohon murhu su zuba a ruwa, yashi ya kwanta, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama. A haka suka tsinci gero, wake da ƙwallon atili. Wato mutanen Nok suna noma, amma ba su saki daji ba.

Ƙashin dabba kuwa da kyar, don ƙasar wurin tana da tsami, ta cinye shi. Sai aka koma ga tsingaro. Kin san yadda tukunyar ƙasa ke shan maiƙo, kome wankin da za ki mata. Aka niƙa gutsattsarin tukwane sama da 450 aka gwada. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo, wasu haɗe da kitsen nama. Tsoffin cikinsu sun kai shekara 3,500.

Abin takaici, masu haƙar gumakan Nok don sayarwa Turai sun riga masana zuwa wurare da yawa. Gunkin suke nema. Toka da tsingaron sai su watsar gefen rami, ruwan damina ya tafi da su.