Keken Kristina Vogel

A ƙasar Gwandu da Kalgo keke jakin talaka ne. Shi ke kai manomi fadama, shi ke ɗauko buhun shinkafa zuwa kasuwa, kuma da wuya a ga budurwa bisa sirdinsa. Saboda haka labarin Kristina Vogel, Bajamushiyar da tseren keke ya zame wa sana'a, zai yi wa mutumin wannan yanki kama da tatsuniya.

An haife ta a Kirgistan cikin 1990, aka kawo ta Jamus tana jaririya, ta tashi a birnin Erfurt. Irin tserenta ba a kan hanya ake yinsa ba, sai a wani fili mai zagaye wanda gefensa ya kishingiɗa kamar bakin akushi. Keken kuwa ba shi da birki, kuma muddin ƙafarsa na juyawa feda ba ta tsayawa, watau mahayi ba shi da damar hutawa. Cikin 2009 mota ta banke ta tana atisaye, ta yi kwana biyu ba ta san inda take ba. Duk da haka ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Landan cikin 2012 tare da Miriam Welte, ta sake ci ita kaɗai a Riyo cikin 2016, alhali sirdin kekenta ya tsinke daidai bakin layi. Sau 11 tana zama zakarar duniya.

Abin da ba a faye ambata ba shi ne, jarumta kaɗai ba ta kai ta nan ba. 'Yar sandan tarayya ce, hukuma na biyanta albashi tana atisaye. Ran 26 ga Yuni 2018, a filin Cottbus, ta yi karo da wani mahayi tana tsananin gudu, ƙashin bayanta ya karye, ƙafafunta suka shanye. Ta koma keken guragu, amma ba ta koma bara ba. Cikin 2019 aka zaɓe ta a majalisar birnin Erfurt.

Nijeriya ma tana da irin wannan fili a Abuja tun wasannin Afirka na 2003, nesa ƙwarai da yaran Kalgo. Sa'ad da Ese Ukpeseraye ta wakilci ƙasar a tseren fili a Faris cikin 2024, keken da ta hau aro ne daga hannun Jamusawa.