Darasin Duwatsu a Bakin Rijiya

Da kaka, bayan an yanke gero, na bi hanyar Daura daga Kano na sauka a Dambatta, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni wani ƙauye a ƙasar Makoɗa. Gona na bin gona, rairayi ko'ina, da ƙyar ido ke cin karo da dutse. Ƙanwata ce ke koyar da kimiyya a firamaren garin, ta kuma ce yaranta sun haddace kashe-kashen duwatsu uku amma ba su taɓa riƙe ko ɗaya da sanin sunansa ba.

Muka kwashi 'yan aji biyar zuwa wata rijiya da ake haƙa a bayan gari. Mai haƙar ya tara abin da ya fitar tsibi-tsibi: rairayi, jar ƙasa, marmara, sai wani ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli da ke marmashewa a hannu.

"Baba, wanne ya riga fitowa?" in ji ƙanwata.

"Malama, ai rairayi ne a sama. In kin ji diga ta yi ƙara, an kusa fa."

Da hannunsa ya san abin da littafi ke faɗi, kuma ina ganin irinsa ya kamata a riƙa gayyata aji.

Na fito da guntun dutsen niƙa da na zo da shi, wato kashi na farko. Narkakken dutse ne da ya huce a cikin ƙasa shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce, shi ya sa ba a samun ƙashi ko katantanwa a cikinsa. Sannan na miƙa musu kashi na biyu, farin dutsen Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, ga ɓawon halittar ruwa manne a jikinsa. Aji ya kaure.

"Malam, wa ya saka ta a ciki?"

Na ce teku ce ta taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato fiye da shekaru miliyan 50 baya, laka ta binne abin da ya mutu, ta daskare. A yankin Goronyo har ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku aka tono, aka sa mata sunan garin.

Kashi na uku, wanda zafi da matsi suka sauya wa kama, ban zo da shi ba. Ana samunsa a tsaunukan Kazaure, don haka da la'asar na koma Dambatta na nemi motar can.